Kagarar Rochester: Yadda Aka Gina Ta, Yadda Aka Ci Ta a 1215, da Yadda Ake Ziyartar Ta a Yau

Kagarar Rochester tana gundumar Kent a kudu maso gabashin Ingila, kimanin kilomita 48 daga Landan, a bakin kogin Medway. Abin da ya rage a tsaye shi ne babbar hasumiyar dutse ta ƙarni na 12 da wasu sassan ganuwar da ta kewaye ta. Wanda ya tsaya a gindinta ya ɗaga kai zai lura da abu guda da bai yi daidai da saura ba. Kusurwoyi uku na hasumiyar masu dungu ne, a miƙe tun daga ƙasa har sama, amma ta huɗu, wadda ke kudu maso gabas, zagayayya ce. An kayar da wannan kusurwa ne a watan Nuwamba na 1215, lokacin da Sarki John ya yi wa kagarar ƙawanya, aka fara sake gina ta a 1226 da wani fasali dabam. Kusan duk abin da ya sami wannan gini ya bar tabo a jikin dutsensa, shi ya sa wanda ya san tarihin kafin ya je yake ganin abin da wanda bai sani ba zai wuce shi.

Dalilin da ya sa aka gina ta a nan

Gada ce ta jawo kagarar. Tun zamanin Rumawa akwai babbar hanya da ta taso daga gaɓar teku a Dover, ta bi ta Canterbury, ta nufi Landan, wadda daga baya aka riƙa kira Watling Street. A Rochester wannan hanya take tsallake Medway, kogi mai faɗi wanda ruwan teku ke hawa da sauka a cikinsa, yana barin taɓo mai zurfi a gefe da gefe. Rundunar da ta sauka a Dover tana son isa Landan da dawaki da kaya sai ta bi ta wannan gada, ko kuma ta yi dogon zagaye. Rumawa sun kafa gari mai ganuwa a wurin, suka kira shi Durobrivae.

Bayan Nomawan Faransa, wato mutanen Nomandi, sun ci Ingila a 1066, an kafa kagara ta farko a Rochester, ta shiga hannun Odo, bishop na Bayeux, ɗan uwan Sarki William, jagoran Nomawan, ta wajen uwa. A 1088 Odo ya yi wa sabon sarki, William Rufus, tawaye, ya mai da Rochester sansaninsa. Sarki ya kewaye garin, cuta da ƙudaje suka addabi na ciki, suka miƙa wuya. Wannan ce ƙawanya ta farko cikin uku.

A daidai waɗannan shekaru, tsakanin 1087 da 1089, aka ɗora wa Gundulf, bishop na Rochester, aikin gina sabuwar kagara ta dutse. Gundulf gwanin gini ne, shi ne ya kula da aikin Farar Hasumiya ta Landan. Ciniki aka yi da shi: sarki zai tabbatar wa majami'ar Rochester mallakar gandun Haddenham, shi kuma ya gina kagara da kuɗinsa. Aikin ya ci fam 60. Ya zaɓi kusurwar kudu maso yamma ta tsohon garin Rumawa, ya ɗora ganuwarsa ta ɓangaren kogi a kan ragowar tasu. A lokacin yawancin kagarun Ingila tudun ƙasa ne da shingen katako, don haka ta Rochester tana cikin na farko da aka yi wa ganuwar dutse.

Babbar hasumiyar ta zo daga baya. A 1127 Sarki Henry na I ya damƙa kagarar a hannun William de Corbeil, babban bishop na Canterbury, da waɗanda za su gaje shi, ya kuma ba shi izinin gina hasumiya. Waɗannan su ne shekarun da tarihin Kano yake danganta wa Sarki Gijimasu fara ganuwar birni, amma manufar gine-ginen biyu ba ɗaya ba ce. Ganuwar Kano ta rungumi gari ne da mutanensa da gonakinsa. Kagarar Turawa gidan mai mulki ne da mayaƙansa, tana tsare shi daga maharan waje, tana kuma tsare shi daga mutanen garin da take kallo daga sama.

Yadda aka tsara hasumiyar

Kowane gefe nata mita 21 ne daga waje. Tsawonta mita 34 ne zuwa kan bango, ƙananan hasumiyoyin kusurwa kuma sun ƙara kusan mita 4, abin da ya kai ta mita 38. Babu irinta a Ingila da ta kai ta tsawo. Kaurin bangon a gindi mita 3.7 ne, yana raguwa zuwa mita 3 a sama. An yi jikin ginin da dutsen Kent mai tauri wanda ba ya sassaƙuwa da kyau, sai aka kawo dutsen Caen mai laushi daga Nomandi ta jirgin ruwa don kusurwoyi da bakin tagogi da bakan gizo.

Ba a yi ƙofar shiga a ƙasa ba. An manna wani dogon zaure a jikin hasumiyar ta arewa, kuma kafin mutum ya kai gare shi sai ya hau matakalar dutse da ke bin jikin bango, ya wuce ƙofa ta farko, ya tsallake gadar katako da ake ɗagewa a bar rami a buɗe. Idan ya shiga zauren, akwai sauran ƙofa guda zuwa cikin hasumiyar, wadda ake rufewa da ƙyaure mai saukowa daga sama ta cikin tsagi. Tsagin yana nan har yanzu a jikin dutse. A saman zauren akwai ɗakin ibada, a ƙarƙashinsa kuma ɗaki mai duhu.

A ciki akwai ɗakin ajiya a ƙasa da hawa uku a kansa. Hawa na biyu shi ne na alfarma. Tsawonsa ya ninka na saura, an haƙa lungu a cikin kaurin bango wanda ya zagaye shi ta sama yana shigo da haske, an yi masa murhu a jikin bango da masai, an kuma sassaƙa wa bakan gizonsa zane mai kwana-kwana irin na Nomandi. Wannan yana nuna cewa ba don yaƙi kaɗai aka yi ginin ba. Gidan babban mutum ne inda yake karɓar baƙi da yanke hukunci.

Abu biyu a tsarin sun fi komai muhimmanci ga abin da ya biyo baya. Na farko shi ne bangon tsakiya, wanda ya raba hasumiyar gida biyu tun daga ƙasa har sama. Ainihin aikinsa ɗaukar nauyin azara ne, domin ba a samun itacen da zai gitta faɗin ginin gaba ɗaya ba tare da ya lanƙwasa ba. Na biyu shi ne rijiya. An gina bakinta a cikin wannan bango, ramin ya bi ta tsakiyarsa har hawa na ƙarshe, da ƙaramar kafa a kowane hawa, ta yadda ana jan ruwa a kowane ɗaki ba sai an sauko ba.

Ƙawanyar 1215

A watan Yuni na 1215 manyan masu sarauta na Ingila suka tilasta wa Sarki John amincewa da yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta taƙaita ikon sarki, a Runnymede. Zaman lafiyar bai yi nisa ba. A watan Agusta Fafaroma Innocent na III ya soke yarjejeniyar, kowane ɓangare ya koma shirin yaƙi. 'Yan tawaye suna riƙe da Landan, sarki kuma yana yankin Dover yana tara sojojin haya daga ƙetare. Rochester na tsakaninsu.

Bisa kyautar 1127, kagarar tana hannun babban bishop Stephen Langton. Sarki ya nemi ya miƙa masa ita, Langton ya ƙi. Daga baya mai tsaron kagarar, Reginald de Cornhill, ya buɗe wa 'yan tawaye ƙofa, suka shiga ƙarƙashin jagorancin William d'Aubigny, mai Belvoir. Marubutan zamanin sun ba da adadin baraden da ke ciki tsakanin 95 da 140, ban da maharba masu baka da sauran dakaru. A nan kuskuren farko ya faru, kuma shi ne ya yanke hukuncin yaƙin: sun tarar da rumbunan kagarar babu isasshen abinci, kuma 'yan kwanaki kaɗan suka samu na tattara abin da za su iya daga cikin gari.

Sarki John ba a san shi da nasara a fagen fama ba, amma a Rochester ya bi aikin daki-daki, kuma ya cancanci a faɗi haka. Mutanensa suka fara da karya gada, don kada taimako ya zo daga Landan. Ran 11 ga Oktoba suka shiga gari, 'yan tawaye suka koma cikin ganuwa. Ran 13 sarki da kansa ya iso. An ɗaure dawaki a cikin babbar majami'ar da ke daura da kagarar. Ran 14 ya aika wa mutanen Canterbury umarni su ƙera diga dare da rana, iya yawan da za su iya, su aiko masa. Wannan takarda tana nuna cewa tun rana ta biyu ya san da haƙa za a ci wurin. Duk da haka ya kafa manyan majajjawa biyar na katako, suna jifan ganuwa da duwatsu ba dare ba rana, mayaƙansa suna karɓa-karɓa, na ciki kuwa ba su da masu canjin su.

Wajen 26 ga Oktoba mahaya 700 suka fito daga Landan da niyyar kawo ɗauki. Da suka kai garin Dartford da ke kan hanya suka juya. Daga wannan rana na cikin kagarar ba su da wanda suke jira.

Ganuwar waje ta faɗi, masu tsaro suka kulle kansu a babbar hasumiya. Jifa ba ta yi wa bango mai kaurin mita 3.7 abin kirki ba, sai aka koma ga masu haƙa. Ga yadda ake wannan aiki. Masu haƙa suna matsawa gindin bango a ƙarƙashin rumfar katako mai kare su daga abin da ake jefowa daga sama. Suna cire ƙasa da duwatsun tushe kaɗan-kaɗan, duk inda suka cire sai su tokare da gungumen itace, ta yadda nauyin ginin zai koma kan itacen ba tare da ya motsa ba. Haɗarin aikin yana nan: idan tokarar ta yi kaɗan, bango zai rufta a kan masu haƙa tun kafin lokaci, idan kuma ramin bai kai faɗin da ya kamata ba, za a ƙone itacen bango ya tsaya yadda yake. Idan rami ya isa, sai a cika shi da ƙirare da busasshen abu, a cinna wuta, kowa ya fita. Babu albarushi a wannan zamani a Ingila, babu abin da ke fashewa. Tokara ce take cinyewa, ginin ya rasa abin da ke riƙe da shi.

Wuta a cikin rami tana da matsala, domin iska ba ta isa, danshi kuma ya yi yawa, balle a ƙarshen Nuwamba a bakin kogi. Katon gungume yana iya yin baƙi a waje cikinsa bai ci ba. Wannan ne ya sa ran 25 ga Nuwamba sarki ya rubuta wa Hubert de Burgh, babban alƙalin ƙasa, ya aiko masa da aladu 40 mafiya ƙiba, daga irin waɗanda ba su da daɗin ci, don a sa wuta a ƙarƙashin hasumiya. Kitsen ake bukata, a shafe itace da shi don wutar ta kama da zafi ta kuma daɗe.

An zaɓi kusurwa ne da gangan. A nan bango biyu suke haɗuwa, ƙaramar hasumiya kuma tana zaune a kansu, don haka nauyi ya taru a ƙaramin wuri, kuma ana iya cin tushen ta gefe biyu a lokaci guda. Ƙari a kan haka, mai tsaro da ke kan bango ba ya ganin gindin kusurwa mai dungu sai ya leƙo da jikinsa, ya zama abin harbi. Da wuta ta ci, kusurwar kudu maso gabas ta zube da wani yanki na bangayen da ke manne da ita.

Ko da haka ba a gama ba. Mutanen sarki sun shiga rabin kudu, masu tsaro suka ja da baya zuwa rabin arewa, suka toshe ƙofofin bangon tsakiya. Bangon da aka yi don ɗaukar azara ya zama ganuwa ta uku, ga ruwa kuma a jikinsa. Abinci ne babu. Sun riga sun koma cin naman dawakinsu, waɗanda su ne mafi tsadar abin da barde ya mallaka. Sun fitar da waɗanda ba su da ƙarfin faɗa don rage bakin ci, kuma an ruwaito cewa sarki ya sa an yanke wa wasu daga cikinsu hannuwa da ƙafafu. Ran 30 ga Nuwamba, bayan mako bakwai, saura suka miƙa wuya.

John ya so ya rataye su duka. Ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙansa, Savari de Mauléon, ya hana shi, da hujjar cewa 'yan tawaye za su rama a kan duk mutumin sarki da ya faɗa hannunsu. Mutum ɗaya aka rataye, wani mai baka da ya tashi a gidan sarki tun yana yaro sannan ya sauya sheƙa. An tura manyan fursunoni kagarar Corfe da wasu wurare. Marubucin tarihi na Barnwell, wanda ya rayu a lokacin, ya ce zamaninsu bai ga ƙawanyar da aka matsa haka aka kuma jure haka ba, ya ƙara da cewa bayanta mutane kaɗan ne suka ci gaba da dogara ga kagara.

Wannan magana ta ƙarshe tana bukatar a auna ta. Barade kimanin ɗari da dakarunsu sun tsayar da sarki da dukan rundunarsa kusan wata biyu, suna cikin yunwa, ginin kuma ya ci gaba da kare su bayan an kayar da kusurwarsa. Ginin ya yi aikin da aka gina shi dominsa. Waɗanda suka gaza su ne wanda bai cika rumbu ba da waɗanda suka juya a Dartford.

Gyara, ƙawanya ta uku, da sakaci

Nasarar John ba ta daɗe ba. A 1216 Yarima Louis na Faransa, wanda 'yan tawaye suka gayyato, ya karɓe Rochester. John ya mutu a watan Oktoba na wannan shekara, ɗansa Henry na III ya hau yana da shekara tara, a 1217 kagarar ta dawo hannun sarauta. Tsakanin 1217 da 1237 an kashe kimanin fam 680 a gyara, fam 530 daga ciki a kan babbar hasumiya. An sake gina kusurwar da ta faɗi a zagaye, domin zagayayyen bango ba shi da dungun da za a ci ta gefe biyu, dutsen majajjawa kuma yakan goce a jikinsa. An kuma gina zagayayyar hasumiya a kusurwar ganuwar waje da ke kusa da ita.

A watan Afrilu na 1264 aka gwada gyaran. Simon de Montfort da Gilbert de Clare, masu tawaye ga Henry na III, suka auka wa garin ta gefe biyu. De Montfort ya yi amfani da jirgin ruwa mai cin wuta wajen tsallake kogi. Suka ci farfajiyar kagarar, masu tsaro ƙarƙashin Roger de Leybourne da John de Warenne suka shige hasumiya, aka yi ta jifanta kusan mako guda. Ran 26 ga Afrilu maharan suka janye da suka ji sarki da ɗansa Edward suna tafe. Ana yawan cewa zagayayyar kusurwa ce ta ceci hasumiyar, amma abin da ya bambanta 1264 da 1215 shi ne wannan karon ɗauki ya zo.

Ɓarnar 1264 ta zauna fiye da shekara ɗari ba a gyara ta ba. A 1281 aka ba mai tsaron kagarar izinin rushe ɗakunan farfajiya da wuta ta ci. Sai tsakanin 1367 da 1370 Edward na III ya kashe fam 2,262, aka gyara bangaye, aka gina hasumiyoyi biyu a ganuwar gabas. A zamanin Richard na II aka ƙara wata a arewa mai kallon gada. A watan Yuni na 1381, lokacin boren talakawa, masu bore suka shiga kagarar suka saki wani fursuna, suka tafi da mai tsaronta, Sir John Newton. Wannan ne faɗa na ƙarshe da ta gani.

Daga nan sai lalacewa. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta I an kwashi dutse daga jikinta don ginin kagarar Upnor a gangaren kogi. A 1610 James na I ya ba da ita ga Sir Anthony Weldon. Wata gobara ta cinye azara da daɓen katako da rufin hasumiyar, kuma har yanzu ana ganin inda zafi ya mai da dutsen ciki ja-ja. A 1870 hukumar garin Rochester ta karɓi hayar filin ta mai da shi lambun jama'a, a 1884 ta saye shi a kan fam 6,572. Ma'aikatar gwamnati ta karɓi kulawa a 1965, English Heritage, hukumar kula da wuraren tarihi, ta gaje ta a 1984, yau kuma ƙaramar hukumar Medway ce ke gudanar da wurin kullum.

Babbar barazanar ginin a yanzu ruwan sama ne. An yi bangayen ciki don su zauna ƙarƙashin rufi, ga shi sun shekara ɗaruruwa a buɗe. Ruwa yana shiga ta kan bango da ramukan azara, ya jiƙa cikon tsakiya, idan sanyin hunturu ya zo ya daskare ya kumbura, ya tura fuskar dutse waje. Dutsen Caen, wanda aka yi sassaƙa mafi kyau da shi, shi ya fi saurin ci. An daɗe ana muhawarar mayar da rufi. Masu so suna cewa zai tare ruwa, masu ƙi suna tsoron abin da zai sami bangon da ya saba da iska idan aka rufe danshi a cikinsa. Har yanzu tsakiyar hasumiyar a buɗe take, sai raga da aka shimfiɗa don hana tattabaru.

Ziyara

Jirgin ƙasa ya fi sauƙi. Daga tashar St Pancras a Landan jirgi mai sauri yana kai wa Rochester cikin kimanin minti 40, daga Victoria kuma ya fi ɗaukar lokaci amma yawanci ya fi araha. Kuskure biyu baƙi suke yi. Katin Oyster, wanda ake biyan kuɗin jirgi da shi a Landan, ba ya kai wa Rochester, sai an sayi tikiti. Sannan tikitin jirgi na yau da kullum ba ya aiki a mai sauri, dole ya zama an rubuta a jikinsa cewa ya halatta. Mai neman wurin a intanet ya haɗa da kalmar Kent, domin akwai wani Rochester a arewacin Ingila, akwai kuma na jihar New York a Amurka. Daga tashar, wadda aka buɗe sabuwarta a 2015, tafiyar ƙafa ba ta wuce minti goma. Wanda ke son ganin kagarar yadda mai zuwa daga Landan ya gan ta a da, ya sauka a Strood ya tako ta kan gada.

Shiga farfajiya kyauta ne, hasumiya ce ake biya, membobin English Heritage kuma ba sa biya. Ana buɗewa da ƙarfe goma na safe, lokacin rufewa yana sauyawa da yanayi, kuma ana daina shigar da mutane kafin lokacin rufewa, don haka a duba ranar da za a je. A watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da juna, wanda ya iso bayan ƙarfe biyu zai yi komai a gurguje. A farkon Mayu akwai bikin Sweeps na tunawa da masu share bututun hayaƙi, akwai bukukuwan tunawa da marubuci Charles Dickens, ga kasuwar Kirsimeti da ake kafawa a cikin farfajiyar kanta. A irin waɗannan ranaku gari yana cika, rumfuna kuma suna tare ganuwa.

Kada a fara da hawa. A fara zagaya ginin ta waje, minti ashirin sun isa. Ta gefen majami'a ana ganin gwalalon da ya zama fili mai ciyawa da hasumiyoyin Edward na III. A ci gaba zuwa tudun Boley a kudu, inda zagayayyar kusurwa da zagayayyar hasumiyar ganuwa suke fitowa tare, kuma idan aka duba da kyau za a ga layin da sabon gini ya haɗu da tsoho. Ta gefen kogi, a gindin ganuwa, akwai ragowar aikin Rumawa, a kansa aikin Gundulf, wanda ake ganewa da duwatsun da aka jera a karkace, layi ɗaya ya kwanta dama na gaba ya kwanta hagu. Ƙofar da ke hasumiyar arewa mai matakala zuwa bakin kogi ba ta asali ba ce, an huda ta ne a shekarun 1870 lokacin da ake yin lambu.

A ciki babu daɓe ko ɗaya, don haka daga hawa na farko ana ganin ginin tun daga ƙasa har sararin sama. Layukan manyan ramuka a jikin bango su ne mazaunin azara, da su ake ƙirga hawa. Murhun da ke rataye a tsakiyar bango yana nuna inda daɓe yake a da. A leƙa kafar rijiya a bangon tsakiya, a kuma tsaya a rabin arewa a kalli rabin kudu, domin a nan masu tsaro suka yi kwanakinsu na ƙarshe. A hawa na sama ta ɓangaren kudu maso gabas akwai rabin bakan gizo da ya yanke a cikin bango: rabin ya tafi da kusurwar a 1215, masu gyara suka cike gurbin ba su maido da adon ba. Can kusa da kan bango akwai ƙananan ramuka a jere, gidajen tattabarun da ake kiwo don ci.

Matakala kusan 200 ce zuwa sama, mai murɗewa, ƙunci gare ta, duwatsun sun side ba su kuma daidaita ba. Idan an yi ruwa suna santsi, saboda ruwan yana shiga har ciki. A sa takalmi mai kama ƙasa, mai doguwar riga ko zane ya tattare da hannu ɗaya ya riƙe madafa da ɗayan, a kuma bar wa mai saukowa hanya a inda matakala ta yi faɗi. Babu na'urar hawa, keken guragu da keken jarirai ba sa shiga hasumiyar, kuma mai ciwon gwiwa ko mai jiri ya tsaya a lungun hawa na biyu, inda mafi kyawun sassaƙa yake. A sama iska tana da ƙarfi ko da bazara, rigar sanyi tana da amfani. Daga can ana ganin gada, da lanƙwasar kogin zuwa Chatham, da rufin majami'a a ƙasa.

Awa ɗaya da rabi ya isa kagarar ciki da waje. Majami'ar, wadda aka kafa a shekara ta 604, ita ce ta biyu a tsufa a Ingila bayan ta Canterbury, tana tsallaken titi. Gidan tarihi na Guildhall da ke babban titin gari yana da ƙaramin samfurin ƙawanyar 1215, kuma ya fi amfani a gan shi kafin a hau hasumiya, domin yana nuna gine-ginen farfajiya da babbar ƙofar arewa maso gabas waɗanda yanzu babu su.